Tsofaffin a-kori-kura a tsakar gidana: labarin wani bakanike daga Kumasi

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni bakanike ne a Kumasi, amma duk wanda ya je Suame Magazin, babbar unguwar makanikai, nemana zai sha yawo a banza. A gida nake aiki, a unguwar Sawaba, cikin filin da muka bari ba mu gina ba saboda kuɗin bulo sun ƙare. Aikina tsofaffin a-kori-kura ne, Hilux da Nissan da L200, jefi-jefi Isuzu, irin waɗanda masu su suka jingine shekara da shekaru har kaji suka mai da su wurin saka ƙwai. Abokan sana'a suna yi mini tsiya, wai na zama mai jinyar gawa. Su yi ta yi. Ko yau aka ba ni rumfa kyauta a Magazin ba zan koma ba, kuma dalilin ne ya sa na zauna rubuta wannan.

A unguwar Aboabo, nan Kumasi, aka haife ni a 1974, shekarar da Ghana ta bar tuƙin hagu ta koma dama. Goro ne ya kawo kakanmu ƙasar Asante daga Kano. Da gwamnatin Busia ta kori baƙi a 1969 gidanmu ya rabu biyu, wasu suka nufi Najeriya, Baba ya zauna don a nan aka binne cibiyarsa. Shi ma goron ya gada. Yana da Fijo 404 a-kori-kura da yake shiga ƙauyuka da ita, a kawo goro Zango a tsince a ɗaure huhu. A farkon shekarun 1980 kayan gyara sun yi wuya a ƙasar nan ƙwarai, motar ta fi kwana a kan duwatsu da kan tayoyinta. Ni ke riƙe fitila in Baba da direbansa suka shiga ƙarƙashinta da dare. Allo na yi, boko kuwa ban yi nisa ba, don haka da na tasa Baba ya kama hannuna sai Suame.

Mastana Batone ne, wato ɗan Asante, Kirista, mutum mai faɗa amma ba ya cin haƙƙin yaro. Baba ya kai masa kuɗin shiga da akwatin sufana da katan na lemo a maimakon kwalbar barasar da al'ada ta tanada, ya karɓa yana dariya. Tun ranar bai taɓa kiran sunana ba, sai Kramo, yadda Tonawa ke kiran Musulmi. Ranar Juma'a da kansa yake kora ta masallaci.

Wanda bai taɓa shiga Magazin ba, gari guda ne. Ga masu injin, ga masu giyar mota, ga masu walda da masu buga bodi da masu fenti da masu wayar lantarki, ga masu injin sassaƙa ƙarfe da za su ƙera maka abin da kamfani ya daina yi tun ba a haife ka ba, ga masu narka ƙarfe su zuba. Daga Burkina da Mali da Nijar da Kodebuwa ake zuwa da mota ko a zo sayen kaya. Na daɗe ban taɓa injin ba sai wanke noti a kwanon dizal da sayo wa manya waakye, wato shinkafa da wake. Amma ina kallo. In aka kawo tsohuwar mota, mai ita ya zaro makulli zai tayar don a ji injin, Masta kan ɗaga masa hannu. Sai ya shimfiɗa kwali ya kwanta, ya ɗauki ƙaramar guduma, ya bi shasi yana ƙwanƙwasawa tun daga gaba har baya. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da kaifi. Wanda tsatsa ta ci ta ciki kuwa sai ka ji bif, babu amo. Yakan ce, “Kramo, injin ana saye a ɗora. Wannan fa?”

Na sami 'yanci, na ci gaba da aiki a ƙarƙashinsa ina karɓar rabona, na yi aure. A 2007, shekarar da aka sauya kuɗi aka yanke wa sidi sifiri huɗu, Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Lokacin mun riga mun koma Sawaba. Ni ne babba, ƙannena maza ɗaya yana Accra ɗaya yana Libiya, kuma namiji babba ba mata ne za su ɗaga shi su kai shi bayi ba. Daga Sawaba zuwa Suame sai ka ratsa gari, ka sha cunkoson Krofrom da na shataletalen Suame. In na fita da asuba ba na dawowa sai bayan isha'i. Na je na faɗa wa Masta, ya ba ni tsohon cen-bulok ɗinsa, wato sarƙar ɗaga injin, da jak guda, ya ce in tafi in kula da tsohona.

Da farko ƙananan ayyukan maƙwabta nake yi don kar a rasa na cefane, birki, kuloci, juyen baƙin mai. A hankali na lura da irin mutanen da ke sallama a ƙofata. Ba masu kuɗi a hannu ba ne. Mai kuɗi a hannu gareji yake zuwa, a gama masa cikin mako. A gareji fili shi ne jari, mota ta shigo ta fita wata ta shigo. Wanda ya kawo tasa aka kwance, kuɗinsa suka yanke a tsakiya, sai a tura ta gefe don a sami wurin aiki. Rana ta dake ta, ruwan Yuni ya dake ta. Yau wani ya ari batir ɗin, gobe a cire altaneta a gwada a wata mota a manta ba a mayar ba. Ba lalle da mugunta ba, yanayin wuri mai jama'a ne. In ya tara kuɗin ya dawo, abin da ya bari ba shi zai tarar ba. Motoci da yawa da na sani ba tsufa ne ya kashe su ba, wannan jiran ne. Mutanenmu na Zango kuwa kuɗinsu ba a dunƙule suke zuwa ba, daga adashi ne, daga cinikin ranar kasuwa, daga ɗan abin da yaro ya turo daga waje. A tsakar gidana mota tana iya jiran mai ita, ƙofa a kulle, ba wanda zai taɓa mata ko noti.

Ba kowace mota nake karɓa ba. Na fi son Hilux mai injin 2L ko 3L ko 5L, wato dizal mai lita 2.4 da 2.8 da 3.0. Ba su da gudu, a hawa tudu sai ka yi haƙuri da su, amma famfon mansu na ƙarfe ne zalla, kuma kayansu ko a Techiman ko Tamale ka lalace za ka samu. Nissan mai TD27 kuwa, in don ta ni ne, ya fi su duka kwanciyar hankali, domin taimin ɗinsa haƙoran ƙarfe ne ke juya shi, babu bel ɗin da zai tsinke maka a daji. L200 mai 4D56 yana da daɗin tuƙi, sai dai bel biyu gare shi a gaba, kuma ƙaramin da mutane ke rainawa in ya tsinke yakan shiga cikin babban ya ja maka asara. Mai fetur irin 22R shi ma jarumi ne, amma mai ɗaukar masara ba zai iya da shan mansa ba. Tun 2021 ana harhaɗa sabuwar Hilux a Tema, madalla, sai dai ba don Hajiya mai koko ake yin ta ba. Ta hannu da ake shigowa da ita kuma, in ta haura shekara goma da ƙerawa akwai tara a kan kuɗin kwastan. To wadda ke ƙasar tun tuni, da lambarta da takardunta, ita ce rabon talaka.

Bari in ba da labarin guda, don a ga yadda aikin yake tafiya.

A 2015 wata Hajiya daga Asawase ta zo da ƙanen mijinta. Koko da ƙosai take sayarwa da safe. Mijinta ya rasu ya bar Hilux mai 3L, mai kujera ɗaya, tana ajiye a gindin mangwaro tun rasuwarsa. Ɗanta ya gama sakandare yana zaman banza, ta fara jin yana zancen bin hanyar sahara. Bayan mun gaisa ta ce, “Ɗana, ka je ka duba mini ita tsakaninka da Allah. In gawa ce ka faɗa mini, in kira 'yan kwandem masu sayen tsohon ƙarfe su auna a kilo, in huta da ganinta.”

Na je. Tayoyi sun nutse a ƙasa, ganyen mangwaro ya cika bodin baya ya riƙe ruwa har ƙasan ya huje, ana hango ƙasa ta ciki. Wannan bai dame ni ba, falle ne, ana yankewa a sa wani. Na shimfiɗa kwali na shiga da guduma. Gaba lafiya, tsakiya lafiya, sai dab da inda sifirin na baya, wato ganyayen ƙarfen da ke ɗaukar nauyi, yake kama shasi ta hagu na ji amon ya mutu. Na sa sukundireba na danna, ta shige, jar ƙasa ta zubo mini a fuska. Haka shasin waɗannan motoci yake lalacewa a wurinmu. Shi kamar akwati yake, rufe ta ko'ina, taɓon hanyoyin ƙauye ya shiga ta ramuka ya cushe, ya riƙe danshi damina biyun da muke yi a shekara, ya ci ƙarfen ta ciki alhali waje yana nan da baƙin fentinsa. Amma wuri ɗaya ne, bai kai kamu biyu ba. Na fito na buɗe bonet, na sa sufana a kan notin fuli na ƙasa na ja a hankali. Injin ya juya. Na cire hita huɗun da ke ɗumama silinda kafin a tayar, na ɗiga mai a kowane rami, na ce kar wanda ya kuskura ya sa mata batir.

Na koma na ce, “Hajiya, ba gawa ba ce, amma jinyarta za ta yi tsawo. Za mu fara da ƙasa, sai birki, sai ruwa, sai injin, sai waya. Fenti shi ne na ƙarshe. Duk abin da kika samu ki kawo, inda kuɗi suka tsaya nan za mu tsaya.” Yaron yana gefe, ya ce, “Masta, ba za a fara fesa ta ba? Ko don mutane su ga ana aiki.” Uwar ta harare shi. Na ce in yana son motar, gobe ya zo da tsofaffin kaya a jikinsa, shi zai kankare tsatsa. Ya zo kuwa. Wannan sharaɗi ne a wurina har yau: wanda zai tuƙa motar sai ya sa hannu a gyaranta, don ranar da ta tsaya masa tsakanin Ejura da Atebubu ya san inda zai duba.

Muka jawo ta da igiya zuwa Sawaba. Samarin layi suka taya mu sauke bodin baya aka jingine a bango, shasi ya fito fili. Na ɗora ta a kan gumaguman katako masu kauri, domin ba na shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ko na minti ɗaya ne. Na san wanda jak ya zame masa, yana nan da rai amma ba ya tafiya. Yaron ya yi ta zura tiyo yana wanke cikin shasi har ruwa ya daina fitowa ja. Muka yanke ruɓaɓɓen wurin har sai da muka kai ƙarfe mai haske, aka yanko faranti mai kauri ɗaya da na asali. Bakin farantin ba a miƙe ake yanka shi daga sama zuwa ƙasa ba, a karkace ake yi, don in walda ta tsaya a miƙe nan nauyi zai taru, nan kuma zai tsage. Sannan duk wuya ba a kai wuta kusa da lambar shasi. In ka shafe ta ko ka yi walda a kanta, ka gyara mota ka kashe takardunta, don ita ake dubawa a DVLA, hukumar rajistar motoci.

Shekarar ce dumsor, wato matsalar ɗauke wutar lantarki, ya yi tsanani, a ɗauke wuta yini da kwana a kawo ta rabin haka. Mai waldana yana zaune da wayarsa a kunne, da an kawo wuta in kira shi ya hau babur ko da tsakar dare ne. Maƙwabta sun yi haƙuri da mu, Allah ya saka musu. Da aka gama muka shafa jan fenti mai hana tsatsa, muka buɗe ramukan da ruwa ke fita, na tsiyaya tsohon baƙin mai a cikin shasin ya bi ko'ina.

A birki ba na ciniki. Duk wata roba da ta shekara a zaune na cire na yar, tiyo da kofuna duka, silindojin baya sun kafe sai da aka sauya. Da muka zo sifirin, ƙanen mijin ya ce a ƙara ganye biyu-biyu don ta ɗauki kaya sosai, kowa haka yake yi. Na ƙi. Motar da aka yi don tan guda, in ka ƙara mata ganye ka loda mata biyu, sifirin ba zai karye ba, gaskiya ne, amma dukan da ya kamata ya shanye sai ya wuce kan shasi, wurin da muka gama ɗinkewa. Birkin ma ba a yi shi don tsayar da wannan nauyi ba. Ya ji haushina, ya ce ni ba ɗan kasuwa ba ne. Hajiya ta ce a bi maganar mai gyara.

Daga nan kuɗi suka yanke. Azumi ya zo, koko ba ya tafiya da safe, ga kuma auren 'yarta. Muka lulluɓe motar da tamfol ta zauna wata da watanni. A nan ne aikin maiɗakina yake. Ita ke riƙe littafi, kowace mota da shafinta, abin da aka kawo da abin da aka saya, ko sidi biyar ne sai ta rubuta, in ta MoMo, wato ta waya, aka turo ta sa ranar. Notuna da kusoshi a gwangwanayen Milo suke, kowanne da takarda a jiki. Ba don ita ba da tuni an kai ni gaban Sarkin Zango, don ni kaina ba ya riƙe lissafi. Bayan babbar salla Hajiya ta ɗauki adashi ta aiko, muka yaye tamfol muka ɗora daga inda muka tsaya.

Na kafa ƙarafa uku na rataya cen-bulok ɗin Masta, muka zaro injin. Da na ɗaga kan injin na wanke, ga tsaga siririya tsakanin bawul biyu a silinda ta uku. Ban yi mamaki ba, don tun ranar farko na ga an cire tamostat, kuma ruwan lagireto ya yi ja wur. Wannan ɗabi'a ta cire tamostat, wai don ƙasarmu da zafi, ta kashe injina ba iyaka. Injin ba ya kai zafin da aka tsara masa da wuri, ya yi ta cin ringi yana tara baƙi, ainihin ciwon kuma, wato lagireton da ya toshe, yana nan ba a taɓa shi ba. Ruwan rijiya da ake ɗurawa shi ke toshe shi da tsatsa da gishiri. Ranar da aka hau tudu da kaya allura ta tashi, direba ya tsaya ya kwara ruwan sanyi a injin mai zafi, shi ke nan kai ya tsage.

Neman wani kan ya mai da ni Magazin. Kayan hom-yus, waɗanda aka ciro daga motocin waje, sun fi mini sabon da ban san asalinsa ba, kwali mai kyau da tambari amma ƙarfen banza. Sai dai hom-yus ma ba a saye da ido. Na yi sharaɗi da mai kayan cewa sai an kai wurin masu injin an matsa masa ruwa an ga ba ya yoyo, an ɗora ma'auni an ga bai lanƙwashe ba, sannan in biya. Na farko ya faɗi gwajin, na mayar, muka yi 'yar hayaniya da Tonanci, ya ba ni wani. Taimin bel kuwa na asali na saya, mai tsada. Kamfani ya ce a sauya shi duk kilomita 100,000, amma roba tana tsufa ko mota ba ta motsa ba, kuma a wannan injin in ya tsinke fistin ne zai haɗu da bawul. Famfon mai da nozul ban taɓa su a gida ba. Suna son benci na gwaji da ɗakin da ƙura ba ta shiga, ni kuma tsakar gida gare ni da awaki. Na kai wa masu aikin. Tanki muka sauke muka wanke, abin da ya fito daga ciki rabi ruwa ne rabi kunu.

Ranar tayarwa na aika aka kira Hajiya. Yaron ya yi ta danna famfon hannu da ke kan filta, na sassauta bututan nozul har dizal ya fara tsartuwa babu kumfa, na ɗaure. Na ce ya murɗa makulli ya jira fitilar hita ta mutu. Bugun farko ta yi tari, na biyu ta kama da silinda uku tana girgiza, farin hayaƙi ya turnuƙe gidan, awaki suka watse. Can ta huɗun ta shigo, injin ya daidaita, hayaƙin ya washe. Hajiya tana zaune a kan benci da carbi a hannu. Ba ta yi guɗa ba. Ta ce, “Haka take yi in Alhaji ya dawo daga Ejura. Tun daga bakin titi nake ganewa in ɗora ruwan wanka.” Ta ja mayafi ta rufe fuska. Washegari ta aiko da bokitin koko da ƙosai aka raba wa layin gaba ɗaya.

Ba na sallamar mota sai ta hau dutsen Mampong. Muka loda mata buhunan yashi muka kama hanya, idona a kan allurar zafi tun daga gindin hawan har ƙarshensa, ba ta wuce rabi ba. A gangarowa na sa yaron ya riƙe ta da giya ta biyu, ya bar taka birki sai in ya zama dole, don a irin wannan gangara ne birki ke zafi ya ɗauke. Takardu sun ɗauki nasu lokacin. Lambarta irin ta da ce mai harafi a ƙarshe, kafin a fara sa shekara a 2009, kuma sunan marigayi ne a kai, sai da dangi suka zauna aka yi takardun gado kafin a sauya suna a yi rodiwodi, wato takardar lafiyar mota. Ta fara jigilar masara da doya daga Ejura da bodinta dabbare-dabbare, jan fenti nan, tsohon fari can. Da kuɗin da ta samo da kanta aka fesa ta daga baya. Yaron bai tafi sahara ba. Yanzu yana da 'ya'ya biyu, kuma duk juyen mai nan yake kawo ta, ya shiga ƙarƙashi da kansa.

Kar wani ya ɗauka aiki a gida daɗi ne zalla. Gida gida ne, akwai yara, akwai rijiya. Baƙin mai ba ya taɓa ƙasa a wurina, a duro nake tarawa masu injin yankan katako su zo su saya. Batir da fetur suna ɗaki mai kwaɗo. Ba na buga guduma in an kira salla, ba na yi bayan magariba sai da larura irin ta dumsor, fenti kuma ba a gidana ake fesawa ba saboda ƙirjin yara. Maiɗakina ta ware mini bokitin wankina daban, ta ce ko a lahira ta ji warin dizal ta san ina kusa. Samun kuma ba na a zo a gani ba ne. Mota biyu filin ke ɗauka, uku in an matsa, kuma wata sai ta shekara. Abin da ke riƙe gidan yau da gobe ƙananan gyare-gyare ne a ƙofar gida. Baba ya rayu shekaru yana kallon aikin daga kan kujerarsa a inuwa, yana gyara mini da hannunsa mai lafiya in ya ga na ɗauki sufanar da ba ita ba, har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya ji ƙansa. Bayan rasuwarsa Masta ya aiko in koma, na je na yi masa godiya na ba shi haƙuri.

Akwai kuma waɗanda nake mayarwa. Wani Alhaji ya kawo mini Nissan da shasinta ya ruɓe tun daga ƙarƙashin kujera har baya, an taɓa liƙa masa ƙarfen gado an shafe da kwalta. Ya ce in toshe ramukan in fesa, yana da mai saye daga arewa. Na ce injin da giya da aksul suna da kyau, ya cire ya sayar, sauran na 'yan kwandem ne. Ya ce ai ba fatawa ya zo nema ba. Ya sa aka ja ta, har yau in mun haɗu a jana'iza daga nesa yake ɗaga mini hannu.

Zamani yana sauyawa. A 2022 da sidi ya faɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a ƙarshen shekara, kayan da na yi wa mutum lissafinsu da safe sai in tarar sun tashi da yamma, dole na daina faɗin jimla, sai dai in ce mu je mu gani. Aboboyaa kuma, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta ƙwace ƙananan jigila na cikin gari, a-kori-kura ta koma ta doguwar hanya da ta gona. Idona ma ya fara gajiya, alamar taimin sai da tabarau.

Babban ɗana ya ce shi gyaran kwamfutar mota zai koya, na kai shi Magazin da kaina wurin wani mai lantarkin mota. Kwanaki ya zo gida da na'urarsa yana taƙama, ya durƙusa a ƙarƙashin sitiyarin wata Nissan mai TD27 da ke jiran mai ita ya sayar da kashu, yana laluben inda zai soka waya. Na bar shi ya yi ta nema har ya yi gumi kafin na ce masa babu. Amma ban hana shi hanyarsa ba, domin Hilux masu injin D-4D da suka fito daga 2005 su ma sun fara tsufa, sun fara sallama a ƙofata, kuma ciwonsu ba ya jin guduma. In sun zo, ƙasa da birki da ruwa nawa ne, abin da ya shafi waya da kwamfuta in kira shi. Uwarsa ta buɗe masa shafi a littafi. Har yanzu ba mu daidaita a kan la'adata ba, shi ya ce uba ba ya karɓar la'ada a wurin ɗansa, ni na ce filin nawa ne.